Gwaggo Mero Mai Rabin Kitso

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 7 ga Mayu, 2025, ina tsakiyar aiki a asibiti aka kira ni a waya cewa Allah ya yi wa Gwaggo Mero, mai kitso ta unguwar Sheshe, rasuwa bayan gajeruwar jinya. An yi jana'izarta bayan azahar. Na yi kuka, Gwaggo, amma ki yafe mini, duk sanda na zauna tuna ki sai in tsinci kaina ina dariya.

Ni nas ce a ɓangaren matasan da ke ɗauke da cutar HIV mai karya garkuwar jiki, yawancinsu da ita aka haife su. A nan na san ki, kina kawo jikarki Sa'adiyya karɓar magani tun kafin ta yi aure, kina yi mana faɗa a kan bencinmu mai cin zani. Ke kika fara tambayata abin da ni ma yake damuna: me ya sa yara ke zuwa lafiya lau a bayan iyayensu, amma da sun fara zama 'yan mata sai su ɓace? Na ce miki kunya ce, da tsoron idon unguwa. Yarinya ta gwammace ta bar magani da a ce kowane wata ana ganinta a hanyar asibiti. Sai kika ce, “To ai ba a tambayar mace don me za ta gidan kitso.”

Daga nan dabarar ta samo asali. Da yardar iyaye da marikan yaran, duk Asabar ɗin da muke ganin matasa sai ta zama ranar kitso a gidanki. Su zo da sassafe da kansu a tsefe, ki kama ki yi wa kowacce rabin kai cif, ki ajiye kibiya. A ɗaura ɗankwali, a zura hijabi, ku fita Ƙofar Mazugal ku cika Adaidaita Sahu. Sai an ga likita, an karɓi magani kin gani da idonki, sannan a koma a ƙarasa. Wadda ta zille, da rabin kai za ta je biki. Ba ki taɓa sassautawa ba, ko ana gobe Sallah. Har yau maƙwabtanki sun ɗauka ƙawa ce ta yi wa 'yan matan nan yawa, kuma ba ki taɓa gyara musu zance ba.

Sai maganar yarinyar da zan kira Zaituna, don ba sunanta ke nan ba. Tana shekara sha shida ta hango mahaifiyar wata ƙawarta a harabar asibiti. Daga ranar ta ɗauke ƙafa, ta daina shan magani, ta rame har wuyanta ya fito. Na kira waya, na aika, na je da kaina, ta shige ɗaki ta rufe. Na ji tsoro ƙwarai, don na san inda wannan hanyar take kai yaro. Ke kuwa kika tafi da kibiyarki da man kitso a ƙullin zani, ba ki ambaci asibiti ba ko sau ɗaya. Cewa kika yi, “Wannan kan naki kaza ma ba za ta yarda ta yi ƙwai a ciki ba, zo nan.” Kika tsefe, kika yarfa mata shuku mai kyau a ɓari guda, kika tattara kayanki. Ta biyo ki har soro tana cewa, “Gwaggo, saura fa?” Kika ce, “Kin san inda saura yake.” Asabar na zagayowa sai ga ta a bencina, fuska a murtuke, kai rabi. Ta warware, ta yi ƙiba, har ta fi kowa surutu a ɗakin jira.

Bayan rasuwarki, Zaituna ce ta fi tsaya mini a rai. Na san don ke take zuwa, ba don mu ba. Ranar matasa ta farko da ba kya duniya na shirya kati da magunguna, na zauna ina kallon ƙofa, ina jin kamar bencin nan haka zai wuni ba kowa. Can sai na ji hayaniya a baranda. 'Yan matan ne, gaba ɗayansu, Zaituna a bayansu tana kora ƙananan da irin muryarki. Da suka shigo ta rufe ƙofa, ta ce kowa ta cire ɗankwali in gani. Gwaggo, da kin ga aikin! Tsaga a karkace, wani kitson ƙato, wani kamar zare, wata ƙaramar tana ta ƙorafin an ja mata gashi. Amma kowane kai rabi ne cif. Na tambayi Zaituna wa zai ƙarasa nata, tunda ita ce mai kitson. Ta ce Sa'adiyya ta ba su aron tsakar gidanki da kibiyarki, kuma Sa'adiyyar ce za ta ƙarasa mata, amma ta rantse ba za ta taɓa kan Zaituna ba sai ta ga magani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, da Sa'adiyya da maigidanta, da mutanen Sheshe, da 'yan matan da ba zan iya kiran sunayensu ba, waɗanda suka zo zaman makoki a matsayin masu zuwa kitso kawai. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Yadda kika rufa wa yaran nan asiri, Allah ya rufa miki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Yaranki sun karɓi maganinsu na wannan watan, Gwaggo, ba wadda ta zille.