Akori-kurar Mamman ce ta gwada mini kayan arha

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar aminina Mamman direba, Allah ya jiƙansa. Duk sanda na tuna shi, rana guda ce ke faɗo mini, ranar da abu uku suka hau kan siratsi: akori-kurarsa wadda ba shi da wata, buhun albasa arba'in na manoman Augie, da jarina kaf.

Lokacin ba a cire mu daga jihar Sakkwato ba, ina da 'yar rumfar kayan gyaran mota a Birnin Kebbi. Na asali sun yi tsadar da direbobi ke jingine motoci, sai na sari ring da gaskit na cikin inji, na arha. Kanikawa suka ƙi ko taɓawa, suka ce arha ba ta ado.

Mamman ya zo ya zaro ring ɗaya, ya matse shi da yatsu ya saki, ya sake shi kan siminti yana saurare. Ya ce, "Wanga ƙarhe na da murya. Mi kaka tsoro? A sa min su a injina." Na ce, "In injin ya buga fa?" Ya ce, "Sai ka goya albasar zuwa Birni, ai kana da baya."

Aka ɗaura, muka je Augie muka yi lodi. A dawowa mota ta riƙa cin hanya ba hayaƙi ko kaɗan, Mamman na dukan sitiyari yana kirari, ni ina ihu kamar an yi mini haihuwa! Muna wuce Argungu sai lagireto ya tafasa. Gaskit ya ƙone. Kafin a kawo na asali a canza, rana ta dafa buhu shida. Amma da aka buɗe injin, ring ɗin nan garau. Mamman ya ɗaga hannu baƙi ƙirin da mai yana dariya: "Rabi gwal, rabi kwali! Ka ƙone kwalin."

Na ƙone sauran gaskit ɗin da na sara a gaban kanikawa, ring kuwa suka yi wawarsa. Gani ya kori ji.

Yau kaya na zuwa lamba ɗaya, lamba biyu, kwali na sheƙi, yara na zaɓe ta hoton waya. Na san da Mamman na nan ba zai zagi na arha ba, don shi ya san talaka ma sai ya hau hanya. Tambayarsa dai ita ce: wa ya fara sa shi a tasa motar?

Mun biya manoma albasarsu, rabin jarina ya zama toka. Abin da na samu shi ne har gobe direba daga Argungu kan aiko mini a ce, "A ba ni wanda ka yarda da shi," ba ya ko tambayar kamfani. Wannan yardar da injin Mamman aka saye ta, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo ba.