Ranar da Aka Zo Auna Gidan Inna

Assalamu alaikum jama'a. Wata tara ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun ce na gudu da kuɗin mutane, wasu sun ce na mutu. Ban gudu ba, ban kuma mutu ba, amma wallahi na leƙa lahira na dawo.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata shida a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. 'Yan kasuwar Kano ke turo mini kuɗi, in saya musu takalma da jakunkuna, in kai wa masu jigilar kaya, su ba ni ladana. Babu takarda tsakaninmu, amana ce kawai.

Da zazzaɓi abin ya fara. Kun san halinmu, kowane zazzaɓi maleriya ne. Na zaro maganin da na taho da shi daga gida na sha, na koma kasuwa. Kwana goma ina rawar ɗari, gefen cikina na dama kamar an kafa mini ƙusa, amma ban gaya wa kowa ba. A sana'armu, ranar da aka ji kana kwance, ranar ake daina turo maka kuɗi.

A matakalar tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei na yanke jiki na faɗi. Mamman, abokin zamana ɗan Damagaram, shi ya kinkime ni zuwa asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ta rubuta a wayarta, wayar ta fassara mana: ƙurji ne a hanta ya tara mugunya, ga kuma ciwon suga da ban san ina da shi ba. Ta ce, "Da ka ƙara kwana biyu a gida, da babu abin da zan iya yi maka."

Suka sa mini roba a gefen ciki tana tsiyayar da mugunyar cikin leda. Kwanana arba'in da ɗaya a kwance, shida daga ciki ban san inda kaina yake ba. Kullum da safe nas za ta kawo 'yar takarda mai nuna abin da ya rage cikin kuɗin da ka ajiye. Na fi tsoron takardar nan a kan allura.

Ba ni da inshora. Kuɗina suka ƙare cikin mako guda, sai na taɓa na mutane. Ba zan yi kwana-kwana ba, na ci amana. Yuan dubu ɗari da arba'in na mutum bakwai. Daga nan kunya ta sa na kashe waya.

Abin da na mallaka a duniya gida ne mai ɗaki huɗu a Kano, inda mahaifiyata Inna ke zaune da iyalina, sai tsohuwar motar da ake kai ta ganin likitan hawan jini duk wata. Da masu kuɗin suka gaji da kira, sai suka je gidan da dillali, ya fara aunawa. A bakinsu Inna ta ji cewa ana nemana.

Da labarin ya iso mana, Mamman ya ce ya gani a intanet, wai mutum zai iya zuwa kotu ya bayyana ya karye, doka ta bar masa gidansa da motarsa. Har hawayen murna na yi. Muka kira wani lauya a Kano. Ya ce, "Malam, dokar wasu ƙasashe ka karanto. A nan in ka je kotu ka ce ka karye, gidan ne za a fara dubawa. Nemi mutanenka ku yi sulhu."

Na roƙi babbansu, Alhaji Sule mai takalma, ya tara mini su. Mamman ya riƙe waya suna ganina, na ɗaga riga na nuna musu robar. Na ce, "Alhaji, na karye. Kuɗinku na wuyana. Ku ɗauki mota, saura in biya kaɗan-kaɗan, amma ku dubi girman Allah ku bar wa tsohuwar nan wurin sa haƙarƙarinta."

Sai Alhaji ya ce, "Haba Auwalu! Kana cikin wannan hali shi ne ka kashe waya? Mu ba mu san ciwo ba ne?"

Biyar suka yarda nan take, biyu sai da aka yi mako ana ba su baki. Aka rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Mota ta tafi, gida ya tsira.

Sai a lokacin na iya kiran Inna. Ban gama sallama ba ta ce, "Ɗan nan, ni gida na roƙe ka? Wata guda ban san ko kana raye ba. Ka warke ka taho in gan ka."

Na warke kuwa. Aka cire roba, suga ya daidaita. Maimakon in taho, sai na ce bari in ɗan yi aiki, kada in koma hannu rabbana. Wata ɗaya ya zama uku.

Ashe tun da mota ta tafi Inna ta daina zuwa ganin likita. Wai ba za ta riƙa kashe kuɗin adaidaita ba ana bin ɗanta bashi, ta kuma hana a gaya mini. Saura kwana tara in tashi uwargida ta kira ni tana kuka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ga gawarta ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni lafiya. Mamman, kai ka wanke ni ka ba ni abinci a baki, Allah ya biya ka. Alhaji Sule da sauran, Allah ya rufa muku asiri yadda kuka rufa mini.

'Yan uwa masu zuwa nan, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, in ya wuce kwana biyu ku je a gwada jini. Ku yi inshora. In kun karye, ku faɗa da bakinku tun kafin dillali ya faɗa muku, kuma kada ku kashe wa iyayenku waya.

Na je na yi zaman makoki na dawo bakin aiki, har yanzu ina biya. Gidan na nan daram, babu mai taɓa shi. Tabarmar sallarta ce kawai na hana a naɗe.