Na Je Argungu Duba Hannun Matar Ɗana

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da 'yata, ba tare da kowa a Argungu ya san muna tafe ba. Da gangan na hana ta buga waya. In ka sanar da mutane zuwanka, share gida suke yi kafin ka iso, ni kuwa gidan nake son gani yadda yake.

Matan unguwa masu tambayar ina muka je, ga amsarku, ina faɗa 'yata na rubutawa. Kun san ɗana na fari ya rasu bayan ƙaramar salla. Ana gama sadakar bakwai iyayen matarsa suka roƙi a ba su ita ta ƙarasa takaba a gidansu, wai ba ta cin abinci. Na yarda da baki, amma gaggawar ba ta kwanta mini ba. Sai ga shi makon jiya wata maƙwabciyata ta dawo daga biki a Argungu, ta ce ta hangi yarinyar da jan lalle a hannu. Ban yi makaranta ba, amma na iya duban wata, na san takabarta da saura. Mai takaba ba ta lalle, ba ta kwalli, ba ta turare. Na ƙudura in na ga lallen nan da idona, in faɗa mata a gaban uwarta cewa babu ni babu ita.

A tasha kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direba ya ce tsadar mai ce. Na ce da shi kullum mai ne, har ranar da ya sauka. Aka cusa mu huɗu a baya, ga buhun albasa a bayan kaina yana sa ni hawayen da ban shirya ba. Wata mata a gefena ta dame ni da ina za ni, wurin wa, lafiya dai? Na ce Argungu, kamar motar tana zuwa wani gari. Mai yawan tambaya a mota ban cika sakin jiki da ita ba, na ƙara matse jakata.

Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can da ruwan sama ya cika. Da muka zo Zauro fadama ta yi kore shar, manoma sun duƙa cikin taɓo suna dashen shinkafa. A nan marigayin yake tsayawa ya sayo mini shinkafa, yana rantsuwa ba tsakuwa, ni kuma in zauna in tsince a gabansa don ya gani. Na juya fuskata ɗaya gefen har muka wuce. A Ambursa masu talla suka yanyame mota. 'Yata ta sayi ƙosai, na taɓa na ji na jiya ne aka sake jefawa a mai.

Tun kafin ka sauka a Argungu ƙamshin bandar kifi yake tarbarka. 'Yata ta ce ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. Ni ban zo da niyyar tsaraba ba, amma na tsaya don kada a cuce ta. Mai kifin ya jera manya a sama, na sa hannu na birkito na ƙasa, duk sun fara gari. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ba baƙuwa ba ce." Na ce baƙuwa ce, makauniya ce dai ban zama ba.

Da hantsi muka yi sallama a gidan. Uwar yarinyar ta fito tana gyara ɗankwali, fuskarta ta nuna ba ta so ganina ba.

"Lale, lale da Hajiya! Mi ya hana ku aiko?"

"Mun aiko kanmu," na ce.

Ana gaisawa idona na yawo. A tsakar gida ga ƙatuwar tukunya bisa murhu, ga ɗaurin ganyen darbejiya a gefe, ga ƙamshin kunun kanwa. Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san kayan wankan jego. Amma ban ji kukan jariri ba, ban ga tsummansa a igiya ba. Na ce wa ya haihu a gidan nan? Ta sunkuyar da kai. Ban jira izini ba na ɗaga labule na shiga.

Yarinyar na kwance a katifa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta yunƙura za ta durƙusa, tana tura hannuwa cikin mayafi.

"Inna, sannu da hanya."

"Fito da hannunki."

Ta fito da su. Lalle ne, ja wur, har yatsu. Na buɗe baki zan faɗi abin da na ɗauko tun daga gida, sai uwarta ta riƙe mini gefen zane.

"Hajiya, don Allah ki saurara. Ciki gare ta sa'ad da ɗanki yar rasu. Na fari ne, kunyarki ta hana ta faɗi. Mun ce in ya yi ƙwari mu taho miki da albishir, sai ya zube. Namiji, da hannuwa nai da ƙafafu nai. Malam ya ce tunda ta sauke, takaba ta faɗi. Lallen ga ni na ƙunsa mata da ƙarfi, ko ta dubi hannunta ta tuna da sauran rai gare ta."

Ban yarda nan take ba. Na ce a nuna mini wurin da aka binne shi. Aka kai ni bayan ɗaki, jikin katanga, inda aka ɗora dutse aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Bai kai tsawon kamu biyu ba. Yarinyar ta biyo mu tana dafa bango. Na tambaye ta ko marigayin ya san da cikin.

"Ya sani, Inna. Ya ce shi zai faɗa miki da bakinsa, kullum sai ya ce gobe, nauyinki yake ji. Ya ce in namiji ne sunan mahaifinsa za a sa."

Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. A bayan ɗakin nan na kira shi, da ƙarfi, a gaban surukaina. Yarinyar ta faɗo jikina, na riƙe ta, ban ji komai a hannuna ba sai ƙashi.

Da na dawo hayyacina na sa yatsa a ruwan tukunyar, na ji ko wankan yaro bai isa ba. Na yi faɗa, na sa aka ƙara itace. Ni na yi mata wankan ranar da hannuna, na tsaya a kanta har ta shanye kwanon kunu. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Gishiri ya yi yawa, na faɗa musu, na kuma cinye. Kafin mu fito na gaya wa uwarta ban huce ba. Jinina ne aka binne ba a gaya mini ba, ana tausayina kamar wata ƙaramar yarinya.

Mun kamo hanya bayan la'asar, muka shigo Birnin Kebbi ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne kunya da tausayi suna iya ɓoye magana fiye da ƙarya, kuma ɓarnarsu ba ta fi ta ƙarya sauƙi ba. Shi ya ji nauyina, ita ta ji kunyata, iyayenta suka ji tausayina, duk aka taru aka bar ni da zargi. Ban daina sa ido ba, ba kuma zan daina ba, amma yanzu sai na tambaya kafin in yanke.

Na tafi da mamaci ɗaya a zuciya, na dawo da biyu. Mai son yi mini gaisuwa ƙofata a buɗe take, amma ta fara zuwa Argungu. Can akwai mai jego da ba ta da abin goyawa.