Tsakuwa Cikin Tuwon Inna

A Illo, in ciwo ya kwantar da kai Malami ya zo dubiya, kada ka sa ran jin "ƙaƙa jiki" daga bakinsa. Zai tuɓe takalmi ya zauna, ya tambaye ka ko a tsaye ka yi sallar asuba, ko ka iya ɗaga buta da hannu ɗaya, ko ka kai bakin rijiya ba ka huta a hanya ba. In mace ce, sai ya ce ko tana iya tsince tsakuwa a shinkafa. Dattawa suka ce boko ne ya cinye masa gaisuwa. Mata kuwa suka raɗa masa Mai-Tambaya, sunan ya bi shi har furfura.

Da tambayar nan ya ci abinci. Ya yi karatu a wata jami'a can kudu, ya yi shekaru yana bin likitoci masu bincike ƙauye-ƙauye, aikinsa guda: neman hanyar da za a ji daga bakin mara lafiya da kansa ko magani ya amfane shi. An ce har sunansa ya shiga takardun masana. Mu dai ba mu gani ba. Abin da muka gani shi ne dogon mutum mai tauna tuwo a hankali, wanda in la'asar ta yi ba ya bi ta ƙofar wani ɗaki a gidansu, sai ya zagaya ta bayan rumbu, alhali ɗakin ya daɗe ba kowa a ciki.

Ɗakin na mahaifiyarsa ne, Fatimata, mai turara shinkafa. A zamaninta har 'yan Dahomi suna tsallako iyaka ranar kasuwa don mudunta, saboda ko za ka cinye buhu ba za ka tauna tsakuwa ba. Malami shi ne ɗanta na fari, kowa kuma ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke. Fatimata ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron ga". In ya shigo ta ja mayafi ta juya fuska bango. In da magana, ƙanwarsa Batulu ce 'yar aike, ko da kuwa su ukun suna zaune tabarma ɗaya. Batulu ita ta sha faɗa, ta sha wasa, ta sha ranƙwashi, Malami kuwa har ranƙwashin yake yi wa kishi. Ya san kunya ce ba ƙiyayya ba, tun da kullum malmalarsa ta fi ta kowa girma. Amma malmala ba ta magana, shi kuwa magana yake so.

A shekarar mulkin kai, bayan an sauke tutar Turawa a Dahomi an sauke a namu ɓangaren, wani matashin likita ya sauka Illo da akwatunan ƙwayoyi. Ciwon bakin kogi ya zo yaƙa, wannan da baƙin ƙuda ke kawowa, ya fara da ƙaiƙayi ya ƙare da makanta. Mutumin kirki ne, bai ɓoye wa kowa komai ba. Ya ce ƙwayar tana kashe tsutsar da ke cikin jiki, amma ga wasu takan ta da ƙura har ta taɓa ido. Don haka duk mako za a bi kowa gida a tambaye shi abin da yake ji, wanda ya ce yana ganin hazo a tsayar masa da magani nan take. Har ya koyo karin maganarmu yana ta faɗi da karyayyen harshe, wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya ɗauki mutum biyu. Asama'u ungozoma za ta tambayi mata, Malami, da ya gama makarantar midil kuma yana jin Hausa da Dendi da Turanci, zai tambayi maza. Ya kuma yi masa alkawari, in aikin ya yi kyau zai tafi da shi karatu.

Fatimata na cikin masu ƙaiƙayin, shekara da shekaru tana wanke shinkafa a bakin ruwa. Da Malami ya ji an sa ta cikin masu shan ƙwayar, sai ya je ya ce wa likita aiki ya yi wa Asama'u yawa, shi zai karɓi tsofaffin matan unguwarsu. Likita ya yaba da himmarsa. Ina zai san Fatimata uwarsa ce? Ya taɓa ganin su sun yi kiciɓis a hanya, ko kallo bai haɗa su ba.

Ran Alhamis da la'asar Malami ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya durƙusa. Ta juya bango ta ƙwala wa Batulu kira.

Ya ce, "Inna, aikin hukuma ne. Likita ya ce daga bakinki za a ji, ba a aike."

Har ya fara fid da rai. Can ta ce, "To, a tambaya."

Maganar farko ke nan da ta taɓa yi masa ba ɗan aike. Ya fara tambaya.

"Ƙaƙa jiki?"

"Da sauƙi."

"Ƙaiƙayi hwa?"

"Da sauƙi."

"Ido?"

"Mun gode Allah."

Ya fito kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

To, kada a ce Malami bai san mutanensa ba. Ya san a garin nan ko ana tofa wa mutum kalmar shahada, ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi. In ya je wurin sauran marasa lafiya ba ya karɓar wannan amsa. Zai juya tambaya ta nan, ya juya ta can, ya tsura wa mutum ido, don labarin zuciya a tambayi fuska. Ta haka ya ceci idon mutane da dama. Amma fuskar Fatimata tana bango. Shi kuma, gaskiyar magana, ba ya son tonawa. In ta ce tana ganin hazo za a cire ta, in an cire ta babu sauran Alhamis.

Maimakon ya tona, sai ya shiga ƙaro tambayoyin da likita bai san da su ba. Shinkafa ta yi tsada a tsallake? Gwiwa tana damunta in ta daɗe a tsugune? Wata rana ya yi ƙarfin hali ya ce, ɗanta na fari, yana jariri, mai yawan kuka ne?

Ta ce, "Likita yab biɗi wanga?"

"Shi ne."

"To a hwaɗa mishi yaron bai da kuka. Sai ci."

Ya ga kafaɗarta na motsi, ya gane dariya take yi. Wannan dariyar ya yi ta ɗauka yana yawo da ita har mako ya zagayo.

Ana cikin haka, wata rana yana cin tuwon da ta aiko masa ya tauna tsakuwa. Ƙarar ta kai har kunnen Batulu, ta ɗago ta dube shi. Ya ce halama ita ta yi tsintar. Ta ce ba ita ba ce. Ya ce to sabuwar shinkafar tsallake ce, ba su iya shanya ba. Ya haɗiye lomar da tsakuwarta. Bayan kwana kaɗan ya sake tauna wata, wannan karon bai ce komai ba, Batulu ma ba ta ɗago ba. Ran Alhamis ya tambayi ido, aka ce an gode Allah, ya kai wa likita haka. Son zuciya ɓacin zuciya.

Asama'u ce ta gano, a tsakiyar kasuwa. Ta ga Fatimata ta cika mudu tana juyewa a gefen ƙwaryar mai saye, shinkafa na zuba ƙasa, ita ba ta sani ba. Ta kama hannunta har wurin likita. Ya haska idon ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambayi wanda ke bin ta gida.

Malami ya ce, "Ni ne. Kullum ta ce da sauƙi."

Likita bai zarge shi ba. Ya tsayar da ƙwayar, ya ce mai yiwuwa maganin ne, mai yiwuwa kuma ciwon ne ya riga ya ci ƙarfin idon, ba wanda zai iya rantsuwa. Da an sani da wuri fa? Nan ma ya ce Allah masani. Alkawarin karatu kuma yana nan. Da korarsa ya yi da ya fi masa sauƙi, don wannan "mai yiwuwa" ita ta zauna masa a ƙirji har tsufansa. Kafin ruwan farko ya sauka, Fatimata ba ta bambance rana da inuwa.

Ana gobe zai tafi kudu, ya zo sallama da la'asar. Ya bar takalminsa a zaure, don haka ba a ji tahowarsa ba. Asabarin ɗakin a ɗage yake. Batulu na shafa mata man kaɗe a baya, inda farce ya yi wa fata kaca-kaca. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai riga ya yi sallama ba.

Batulu ke cewa, "Inna, don mi ba ki hwaɗi ba tun da wuri?"

"Tun sati na biyu nis san ba lahiya. Jiki kamar an watsa min garwashi, ido kamar hayaƙin ɗanyen icce. Amma na ji an ce in magani ya yi kyau za a kai shi karatu. Ni za ni ɓata mishi?"

"Karatu ya hi idonki?"

Fatimata ta ɗago kai, fuskarta ta fuskanci ƙofa sosai, idanu a buɗe a kansa. Bai taɓa ganin fuskar uwarsa gaba da gaba haka ba. Ashe tana da ɗan tabo a gefen haɓa, irin nasa.

Ta ce, "Ba karatun kaɗai ba. Duk Alhamis shina zama nan, kusa. Tun randa nih haihe shi ban ji muryatai kusa haka ba. In na hwaɗi gaskiya a cire ni, shi bar zuwa. Kullum sai in ce bari dai Alhamis mai zuwa. Ke ba ki san daɗin muryar Malami ba, don kin saba."

Ya ja da baya, kafaɗarsa ta bugi asabari.

"Wa ke nan?"

Batulu ta waiwayo, ta ce a hankali, "Yaya ne."

Fatimata ta lalubi mayafinta ta ja, ta juya tana neman bangon da ba ta gani, sai da Batulu ta gyara mata zama. Malami ya durƙusa inda ya saba durƙusawa. Abin faɗa ya cika masa ciki, yana so ya ce ya tauna tsakuwar, sau biyu, ya haɗiye. Amma ɗan fari ba ya faɗa wa uwarsa irin wannan, kuma yanzu babu aikin hukuma da zai fake da shi. Da ya buɗe baki, abin da ya saba shi ya fito.

"Inna, ƙaƙa jiki?"

Ta ce wa Batulu, "A ce ma yaron ga da sauƙi."