Chebo da Maƙogwaronsa

Eusebio, wanda duk kudancin birnin San Antoniyo na Amurka ke kira Chebo, taubashina ne, ɗan Gwaggo Nena. Ran da aka haife shi bai yi kuka ba, tsayawa ya yi yana ƙirga yatsun ungozoma. Yana ɗan shekara biyar ya gyara wa mai kanti lissafi har mutumin ya rufe shago ya tafi gida ya kwanta. Ni kam, Rigo, tun aji goma na yi wa makaranta sallama, na kama faci a shagon tayar Baffa Nacho, don haka kan Chebo ne dangi suka tara duk burinsu.

A sakandarenmu akwai darasi, akwai uban darasi. Uban darasin shi ne AP, karatun jami'a da ake jibga wa yaro tun gemu bai tsiro masa ba, makinsa kuma ya fi na gama-gari nauyi. Chebo ya cinye lissafinsu, ya sha kimiyyar lantarki kamar kunu, ya yi gyatsa da tarihin Amurka. Mutum ɗaya ce ta hana shi barci, Yesenia Treviño, 'yar mai gidan burodi. Tun suna ƙanana suke kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya zo na ɗaya shi ke jawabi ran bikin yaye ɗalibai, kuma Kaka Chela ta riga ta shaida wa duk matan cocinsu cewa jikanta ne zai yi shi.

Shekarar ƙarshe sai gurbi ɗaya ya rage masa a jadawali. In ya cike shi da ƙaramin darasi, ko ya ci maki duka Yesenia ta wuce shi. Manyan da suka dace da gurbin biyu ne, kimiyyar sinadarai da ilmin kiɗa. Ran Lahadi muna gashin nama a bayan gida aka baje maganar.

"Kai, kar ka kusanci sinadarai," in ji Yaya Mireya, babbar yayarsa. "Ka ga gashin nan nawa? Rabinsa a ajin nan na baro shi."

"Ke dai raguwa ce," in ji Baffa Nacho yana juya haƙarƙari. "Tarihi ya fi komai wuya. Mutanen da suka mutu tuntuni a ce ka riƙe sunayensu. Ni na masu rai ma da ƙyar."

"Baffa, kai da ba ka taɓa shiga ko ɗaya ba?"

"Ina jin ihunku daga waje, ja'ira."

Chebo ya naɗe nama a tortiya, wato gurasar masara, ya yi murmushin masana. "Ku kwantar da hankalinku. Yesenia ta ɗauki sinadarai, ta je can ta ƙone gira. Ni kiɗa zan yi. Do, re, mi, an tashi. Hutu ne da maki a kai."

Na ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa jin muryarka kuwa?"

Ya ce, "Mai faci, kai dai ji da tayarka."

To, raina kama ka ga gayya. Makonnin farko lafiya lau, duk ƙa'idoji ne a allo, ya ce ai wannan lissafi ne ya sake riga. Sai da lokacin canza darasi ya wuce sannan mai koyar da kiɗan, Malama Dombrowski, ta buɗe fiyano. Za ta kaɗa, kai kuma ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Wannan ma da sauƙi. Babbar masifar ita ce ta miƙo maka takarda mai ɗigo-ɗigo, waƙar da ba ka taɓa ji ba, ta ce tashi ka rera.

Jama'a, muryar Chebo! In ka taɓa jin an ja tsohon ƙyauren gareji a kan tsakuwa, to ka ji mai daɗin. An ce ran da ya fara rerawa, malamin ajin kusa ya leƙo ya tambaya ko a kira masu gyaran famfo. Abin haushin, ya san amsar. Zai gaya maka sautin nan hawa uku ne sama da wancan, ya buɗe baki, maƙogwaron ya ce shi ba da shi aka yi wannan shawara ba.

Gwaggo Nena ta kore shi daga falo. Karen maƙwabta ya daina cin abinci. Kaka Chela ta saurare shi sau ɗaya, ta yi alamar gicciye, ta ce, "Ɗan nan, a ina ke maka ciwo?" Ƙarshe shagonmu ya dawo yana gwaji, don injin iska na rufe masa asiri. Wata rana injin ya mutu yana tsakiyar hawa sama, wani mai babbar mota ya ce a mayar masa da tayarsa haka nan, ya fasa facin.

Yesenia kuwa, in sun haɗu a baranda, sai ta shafa girarta ta ce, "Sannu mawaƙi. Ka ga tana nan, ba ta ƙone ba."

Amma fa a ba shi haƙƙinsa, Chebo bai san ja da baya ba. Ya sha zuma da lemon tsami har ƙudan zuma suka fara bin sa. Kafin bazara ya kai matsayin da in ya rera, za ka gane waƙa yake nufi. Malamar ta ba shi makin da ta ce rabinsa na ƙoƙari ne. Da aka haɗa lissafi, Yesenia ta wuce shi da abin da bai kai kaurin gashin gira ba.

Ya shigo shago ya zauna kan taya, ya ce, "Shi ke nan, Rigo. Kaka ba za ta ji ni a lasifika ba."

Ashe za ta ji. Shugaban makaranta ya kira shi ya tuna masa al'adarsu: na ɗaya ya yi jawabi, na biyu ya ɗaga taken makaranta. Shi kaɗai, a filin ƙwallo, layin farko, kafin jama'a su amsa.

"Ranka ya daɗe, ba za a bar wa na uku ba?"

"Kai da ka yi babban darasin kiɗa? Wa ya fi ka cancanta?"

Ranar ta zo. Yesenia ta yi jawabinta, mata suka share hawaye. Chebo ya matso gaban lasifika cikin doguwar riga da hula mai tuntu, gumi na bin wuyansa. Ya ja numfashi, ya saki kalma ta farko. Tsofaffin malamai sun rantse tun da aka gina makarantar ba a taɓa ganin taro ya amshi waƙa da sauri haka ba. Mutum dubu suka afka mata lokaci guda, har da waɗanda ba su san baitin ba, aka binne shi da rai. Kaka Chela ta miƙe tana tafi, tana zungurin matar da ke gefenta.

"Kin gani? Yarinyar ta yi ta surutu kowa ya yi shiru. Nawa baki kawai ya buɗe, duk gari ya bi shi!"

Yanzu Chebo injiniya ne, gadoji yake zanawa, kuma har yau ba wadda ta faɗi. Yaran dangi in za su zaɓi darasi wajensa suke zuwa, su ce Kawu, wanne ya fi wuya? Sai ya rufe ƙofa, ya ce kowa ya ɗan rera masa wani abu tukuna.