Kwamfutoci Shida da Kwanon Kindirmo

Abubuwa da yawa na zamanmu a Ingila sun shafe a kaina, har lambar gidan da muka zauna a unguwar Gorton sai na tambayi maiɗakina. Amma labarin kwamfutoci shida da na haɗa da hannuna a ƙaramin ɗakin bene, wannan kam ko tsufa ya kwashe sauran, shi zai bar mini.

Shekarar dubu biyu da 'yan kai ce, ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku a Manchester. Bincikena a kan ambaliya ne, yadda ruwan sama yake malala a fadamun Haɗeja idan damina ta yi ƙarfi. Komai ya kammala sai lissafi ɗaya, babba, wanda shi ne zuciyar kundin. Kwamfutar da ke kan teburina a jami'a sai ta yi wata biyu tana niƙa kafin ta gama shi. Babbar kwamfutar jami'a kuwa layi ake bi, da na duba sai na ga layina ba zai zo ba sai bayan ranar miƙa kundi. Mako bakwai ya rage. Hutun karatun da jami'ata ta gida ta ba ni ya zo ƙarshe, bizarmu ma haka. In ban miƙa ba, sai dai mu tattara mu koma hannu rabbana bayan shekara huɗu muna shan sanyi.

Sai na yanke shawarar yin aikin gayya. In haɗa ƙananan kwamfutoci shida, in ɗaure su da waya, in raba taswirar fadamun gida shida, kowace ta ɗauki kunyarta. Duk bayan ɗan lokaci sai su faɗa wa juna yawan ruwan da ya tsallaka iyakarsu, sannan su ci gaba. Da na auna, kwana goma sha ɗaya za su yi. Sharaɗin ɗaya ne: kada ko ɗaya ta tsaya, domin in ɗaya ta mutu sauran za su zauna jiranta, kuma shirin kwamfutar da na rubuta ba ya ajiye rabin aiki. Sai a koma farko.

Wanda na nufa da maganar wani dattijo ne da muke haɗuwa a masallaci, Bahaushen Ghana, haifaffen zangon Kumasi. Ya daɗe yana tuƙa bas kafin ya buɗe ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Moss Side. Kowa Alhaji yake ce masa. Ni kuma tun ban sami digirin ba yake kirana Dakta, kuma har yau ban tabbatar ba ko girmamawa ce ko tsokana. Ya ce akwai kasuwar kayan kwamfuta da take ci a wani babban zaure a Birmingham sau ɗaya a wata, ranar Lahadi, in shirya mu tafi a motarsa.

Zauren nan cike yake da tebura, kowane an jibge shi da kaya, ga mutane kafaɗa da kafaɗa. Na zo da takarda na rubuta duk abin da nake so. Alhaji ya karɓa, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta a tsanake. Abu na farko da ya gyara mini shi ne kada in sayi biyu masu ƙarfi da huɗu raunana.

Ya ce, “Duk shidan su zama iri ɗaya. Same board, same ram. Mai gudu ba za ta amfane ka ba in za ta tsaya jiran gurguwa.”

Na yarda nan take, don na san gaskiya ce. Ya hana ni sayen manyan had-dis, ya ce lissafi za su yi, ba ajiyar hotuna ba. Na yarda. Ya ɗaga akwatin raba wutar kwamfuta ya jinjina shi a hannu, ya mayar, ya ɗauki wani da ya fi nauyi. Wannan ma ban yi musu ba. Da muka zo kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a nan ne muka raba hanya.

Akwai wata sabuwa mai gudu da idona ya kafe a kanta. Abin da ke aljihuna ba zai kai in saye ta guda shida sannan in sayi manyan fankoki da akwatuna masu faɗi ba, sai dai ɗaya daga ciki. Ni kuwa na riga na zaɓa. A teburin gefe ana sayar da ƙananan fankoki da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci, da wasu siraran akwatuna marasa tagar iska a baya. Su na ce zan haɗa da ita.

Alhaji ya ce, “Dakta, wannan da kake so garwashi ce. Ka sauka mataki ɗaya, ka sayi babban fan da case mai shan iska.”

Na yi dariya na ce, “Haba Alhaji, a Manchester fa za su zauna. Garin da ko a watan Yuni sai da jacket? Da a Kano ne sai in yarda.”

“Sanyin a waje yake. Ita a cikin akwati take.”

Allah Ya yafe mini, a nan tsakiyar kasuwa na buɗe masa lacca. Na kawo masa lissafin zafi, na zana masa a bayan takardata, har da ɗaga yatsa. Mutumin da ya fi shekara goma yana buɗe cikin kwamfuta kullum, ni da ban taɓa haɗa ko ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabaransa ya sa a aljihu, ya ce, “To, ai kai ne Dakta.” Sannan ya ce in jira shi, zai duba wasu kaya na shagonsa. Ya dawo da wani kwali a manne, ya tura shi can bayan mota, ni kuma ban tambaya ba.

A hanyar dawowa muka tsaya muka yi salla, muka ci shinkafa da waken da matarsa ta ƙunso mana da baƙin yajin nan nasu. Bai sake tayar da maganar fanka ba. Ni har ina jin daɗi a raina wai na gamsar da shi.

Mako guda na yi ina haɗawa da gwadawa. Na jera su a ƙaramin ɗakin bene, uku a kan uku, na manna wa kowace lamba. Ranar da na kunna su duka, fitilunsu suka hau ƙiftawa, na kira maiɗakina ta zo ta gani. Ta ce sun yi kyau, amma ƙararsu kamar injin markaɗe, don Allah in riƙa rufe ƙofa saboda barcin 'yarmu. Na rufe ƙofa.

Kwana biyu da rabi suka yi, na dawo daga jami'a da yamma na tarar lamba huɗu a kashe, sauran biyar sun yi cirko-cirko suna jiranta. Na ce wataƙila waya ce ta motsa. Na gyara, na sake farawa. Bayan kwana uku lamba biyu ta mutu. Daga nan hankalina ya soma tashi. Na zargi shirin da na rubuta, na bi shi layi-layi har idona ya yi ja. Na zargi ram, na musanya. Na zargi mutumin Birmingham da ya sayar mini da kayan, na yi ta yi masa Allah Ya isa a zuci, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Karo na uku sun kai kwana huɗu, har na fara murna, sai lamba huɗu ta sake kwanciya. Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa kaina ba. Duk lokacin da na shiga ɗakin, aikin ya riga ya tsaya tun da rana, na'urorin sun huce, sai ɗan ɗumi mai daɗi. Mutumin da ya shigo daga ruwan Manchester kuwa ba ya ƙorafin ɗumi. Har tsayawa nake in miƙe hannu in sha.

Da na ƙirga, kwana ashirin da uku suka rage. Sha ɗaya na lissafi, aƙalla mako guda na rubutu. In suka sake tsayawa sau ɗaya, shi ke nan. Ranar Juma'a da yamma na sake kunna su, ba don na gano komai ba, sai don ban san abin da zan yi ba.

Washegari Asabar ban fita ba. Bayan azahar ina zaune a falo da takardu, na yi tagumi, sai maiɗakina ta ajiye mini kofin fura da kindirmo. Tun zuwanmu Ingila take fama da kindirmo. Sai ta naɗe kwanon madara da bargo ta ajiye kusa da hita, ya kwana biyu, ya fito tsararo. Wannan kuwa da na kurɓa, mai kauri ne, kamar na gida.

Na ce, “Yau kam kin dace.”

Ta ce, “Ba yau ba ne, Malam, sati biyu ke nan kana sha. Ka gode wa kwamfutocinka. Da safe nake kai kwanon ɗakin, kafin azahar ya kama. Wanki ma can nake shanyawa yanzu, ya fi dryer.”

Na ajiye kofin. “Me kika ce?”

“Ɗakin nan da rana ai ba ya shiguwa. Na faɗa maka tun satin da ya wuce, ka ce mini to, kana kallon takarda.”

Na hau benen da gudu. Da na buɗe ƙofar, zafi ya dake ni a fuska kamar na leƙa tanderu. Ga kayan 'yarmu a kan igiya sun bushe ƙayau. Na ɗora tafin hannu a kan lamba huɗu, na janye ba shiri. Na dubi taga, sai ga salatif ɗin da ni da kaina na bi na liƙe duk kafofinta tun farkon hunturu, don kada iska ta shigo. Na kashe su duka, na zauna a bakin ƙofa. Kunya ta fi tsoron yawa a lokacin, domin na san wurin wanda zan je, kuma na san kasuwar Birmingham ba za ta sake ci ba sai bayan kwana takwas.

Na hau bas zuwa Moss Side. Sai da na wuce shagon Alhaji sau biyu kafin na iya shiga. Yana zaune yana kwance wata kwamfuta. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi karatu, ya tambayi ruwa, bai gaggauta ni ba. Daga ƙarshe na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, har da kindirmon. Na shirya wa gori, don ni da kaina na san na cancanta.

Dariya kawai ya yi a kan kindirmon. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da kwalin nan na Birmingham, har yanzu a manne. Ya yanka shi da wuƙa ya turo mini. Manyan fankokin furosesa shida ne a ciki, da wasu shida na jikin akwati.

Na ce, “Alhaji, tun ranar?”

“Tun ranar.”

“To me ya sa ba ka ba ni ba?”

Ya ce, “Da na ba ka a Birmingham, da ka karɓa don kunyata, ka zo ka tura ƙarƙashin gado. Yau kuwa da hannunka za ka ɗaura. Tashi mu je, time ba ya jira.”

Ya rufe shagon da rana tsaka, muka tafi Gorton a motarsa. Ya huda bayan kowane akwati ya ɗaura fanka, ni kuma ya sa ni na sauya na furosesa ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kaina. Ya sauke su daga kan juna, ya jera su a ƙasa da tazarar taki guda. Ni na ɓare salatif ɗin taga, shi ya buɗe ta. Kafin magariba fitilu shida suna ƙiftawa, iskar Manchester tana shigowa, karo na farko da na ji na gode wa sanyin garin nan. Maiɗakina ta kawo masa kindirmo a babban kofi, ya shanye, ya ce mata, “'Yata, ki yi haƙuri, yau mun rufe miki factory.”

Kwana goma sha ɗaya suka yi ba wadda ta yi ko tari. Kowace rana sai na roƙi maiɗakina ta shiga da tsakar rana ta taɓa mini lamba huɗu, in kira ta daga jami'a in ji. Ranar Laraba bayan la'asar lambobin ƙarshe suka fito, na yi sujada a nan kan kafet ɗin ɗakin. Na miƙa kundin saura kwana uku. Kindirmon gidanmu kuwa ya koma tsararo, kuma har muka bar Ingila ana tuna mini laifin waye.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma kusan kowace shekara sai wani ya kawo mini takardar kayan da zai saya, ya zuba komai a kan gudu ya manta da iska. Ina faɗa masa sau ɗaya, in tambaye shi wa yake wuni a ɗakin da za a ajiye su, ya je ya saurari wannan mutumin. Abin da na koya ke nan: mai taɓa abu da hannu kullum, da mai wuni kusa da shi, suna sanin abin da lissafina bai sani ba. Na kuma koya daga Alhaji, Allah Ya jiƙansa, cewa in ka faɗa wa mutum gaskiya ya ƙi ji, ba ka tanadar masa gori, ka tanadar masa abin da zai buƙata ranar da zai dawo. Shi ya sa in ɗalibi ya buɗe mini lacca, sai in ce masa to, ai kai ne injiniya. A durowar ƙasa ta teburina akwai kwalin fankoki, a manne, yana jiransa.