Ranar da Gwiwar Baba Ta Taɓa Ƙasa

Wata Asabar ce da la'asar, a shekarar da na shiga aji biyu na firamare, na fara ganin abin da hannun babana yake yi wa mutum. Umma ta ɗora mini farantin dafaffiyar gyaɗa ta ce in kai filin kamfanin saƙa na Sharaɗa, inda ma'aikata suka taru kallon damben zamani. Na kutsa ta ƙarƙashin hammatar manya har na isa bakin igiya. Ga Baba nan daga shi sai gajeren wando, an ɗaura masa jar safar dambe a hannu biyu. Abokin karawarsa wani ƙato ne daga kamfanin robobi na Dakata, sai tsalle-tsalle yake yana naushin iska. Baba ko motsi. Ya buɗe ƙafa, ya miƙa hagu gaba, ya ja dama can baya wajen ƙugu. Ban ga fitar hannun ba, ƙarar kawai na ji, tim, irin ta buhun masara in an jeho shi daga mota. Mutumin ya zube, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa. Fili ya kaure da ihun "Taɓarya! Taɓarya!" Ni kuwa na saki farantin, gyaɗa ta watse, na fashe da kuka don na zaci Baba ya yi kisan kai.

Sunansa na yanka Sale, amma in ka ce Sale a Sharaɗa ta wancan lokacin sai a tambaye ka wanne. Taɓarya kuwa ko yaron goye ya san shi. Daga wani ƙauye na Jigawa ya taho da sunan. Gidansu gidan mahauta ne, inda ake naɗa wa yaro zare a hannu tun bai iya ɗaura wando ba, in kaka ta yi kuma su bi garuruwa suna dambe. Neman abinci ya kawo shi Kano, ya samu aikin lebura, yana ɗaukar dilar yadi daga ɗakin injin zuwa sito. A nan wani tsohon soja mai horar da 'yan damben kamfanin, da kowa ke kira Koci, ya gan shi ya saɓa dilar da mutum biyu ke nishi a kanta. A zamanin, duk kamfanin da ya amsa sunansa yana da 'yan ƙwallo da 'yan dambe, da su ake fankama. Koci ya sa Baba a ajin masu nauyi, aka sauƙaƙa masa aiki, aka mayar da shi gadin ƙofar sito, ana kuma ba shi madara da ƙwai duk mako. Ƙwan dai a cikinmu yake ƙarewa, ni da ƙanena Sani. Abu ɗaya ne ba a yi masa ba, ba a mayar da shi ma'aikacin dindindin ba. Duk ƙarfin nan nasa ɗan wucin gadi ne, irin wanda za a iya ce wa gobe kada ya zo.

A gidan haya muke, mai ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya, cike da ma'aikata, wasu daga Jigawa, wasu daga Nijar. Ba mu da agogo, jiniyar kamfani ce ke tashin mu, ita ce ke kora mu makaranta. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidan kullum da irin launinta, yau shuɗi, gobe ja, jibi kore, gwargwadon rinin da aka yi, mu kuwa muna tsallake ta muna musun launin da za ta wayi gari da shi. Can ƙasa manoman Sharaɗa suna jan ruwan nan zuwa lambunan alayyahu da latas, mukan bi kunyoyi muna kama fara har mai lambu ya biyo mu da fartanya. Aikina na safe shi ne bin layin famfo a jikin katangar kamfani, in dawo in kai markaɗen Umma, wadda ke sayar da ƙosai da koko ga masu tasowa daga aiki. Da yamma kuma in zauna in shafa wa hannun daman Baba man kaɗanya. Hannun ya fi fuskata faɗi, gaɓoɓin duk sun yi kanta, damtsen kuwa ko'ina tsagar magani ce. A jikin darbejiyar tsakar gida ya rataye buhun yashi, da ya fara dukansa sai kajin Malam Idi, maƙwabcinmu ɗan Damagaram, su haye katanga. Buhu ba ya daɗewa bai fashe ba, Umma ta yi ta ɗinki tana mita. Amma hannun nan bai taɓa sauka a jikinmu ba. In na yi laifi sai ya ce, "Uwata, kin dai san ni ba na duka a gida," don sunan mahaifiyarsa gare ni. A makaranta ba ni da tsawo ba ni da jiki, amma ba wanda ya taɓa ƙwace mini awara. Na san dalili sarai, na kuwa zuba rashin kunyata son raina.

Doka ɗaya Baba ya kafa a gidan, ita ce kuma ta ci mu. A damben gargajiya, da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, wasa ya ƙare, ka fita ka ba wasu wuri. Ba ƙirga, ba jira. Mu yara mukan naɗa ƙyallayen da muka tsinto a bolar kamfani mu yi damben wasa, ko mu yi langa, Baba na zaune kan benci yana alƙalanci. Duk wanda ya durƙusa, ko da santsi ne ya kwashe shi, ya fita. In ka tsaya gardama ya ce, "Gwiwar namiji ta sallah ce. In ta taɓa ƙasa a fili ba sauran magana." Na taɓa ce masa ai ni mace ce, ya yi dariya ya ce duk da haka in fita. Koci ya sha zuwa gidanmu yana faɗa masa cewa wannan damben daban ne. Ana faɗuwa a tashi kafin alƙali ya ƙirga goma, santsi ma ba a lissafa shi, hannun hagu kuma ba don tare fuska kawai aka yi shi ba. Baba ya ce to, ya ji. Me zai dame shi? Shekara da shekaru ba wanda ya kai shi turmi na biyu, balle a zo maganar faɗuwa. Har ta kai ana rasa mai yarda ya kara da shi. A sa rana, mutum ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ina aji huɗu Koci ya zo da labari. Za a yi karawar fitar da gwani a Bompai da wani da aka ɗauko daga Legas, wanda ya ci zai tafi sansanin 'yan damben ƙasa. Manajan kamfanin su Baba kuma ya yi alkawari a gaban jama'a, in Taɓarya ya ci za a mayar da shi na dindindin, a ba shi ɗaki biyu a kwatas ɗin ma'aikata. Kwatas! Gidan da famfo yake a tsakar gida. Ni da Sani muka riƙa zagayawa in an tashi daga makaranta muna leƙe ta ramin katanga, har muka zaɓi ƙofar da muke so, wata mai koren fenti. Umma kuwa na gan ta ta sauko da kwanukan jerenta tana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Furfura ta riga ta fara fito wa Baba a gemu, kowa ya san in wannan ta wuce ba wata.

Ranar ta faɗo tsakiyar damina. A wani tsohon sito aka kafa dandamali aka ja igiya, ruwa kuwa ya tsuge tun azahar, kwanon rufin yana yoyo, ana ta bin dandamalin da tsumma. Malam Idi ya ɗora ni a wuyansa don in gani. Ɗan Legas ɗin dogo ne, mai zafin ƙafa, kuma da gani ya ji labarin hannun daman, don bai yarda ya tsaya wuri ɗaya ba. Sai ya caki Baba da hagu ya kauce, ya sake caka ya kauce. Ranar na fara ganin jini a hancin babana. A turmi na biyu Baba ya rutsa shi a kusurwa ya sakar masa ɗaya a haƙarƙari. Mutumin ya faɗi, ya yi rarrafe, ya kama igiya ya miƙe kafin a gama ƙirga. Baba ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga gawa ta tashi. A turmi na uku mutumin ba ya ko iya ɗaga hannu, da baki yake numfashi, kowa ya san saura naushi ɗaya. Baba ya ja daman nan baya, ya tako gaba, ƙafarsa ta sauka daidai inda ruwa ya ɗiga. Ya zame. Gwiwarsa ta hagu ta shafi ƙasa, shafa kawai, ya miƙe kafin ƙiftawar ido. Alƙalin wasa yana bayan ɗan Legas, bai ma gani ba, hannu yake yi a ci gaba. Sai Baba ya sauke hannayensa. Ya je ya dafa kafaɗar mutumin da ko tsayuwar kirki ba ya iya yi, ya ɗaga igiya, ya sauko.

Har yau ina jin ihun da ya tashi a siton nan. Koci ya bi shi yana jan hannunsa, yana rantse-rantse, yana cewa santsi ne, ya koma tun ba a yanke hukunci ba. Malam Idi ya sauke ni ya tare gabansa ya ce, "Sale, don Allah don Annabi ka koma. Wallahi ba wanda ya gani." Baba ya miƙa wa Koci hannu a kwance masa safa, ya ce, "Ni na ji." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka ɗaga hannun ɗan Legas, mutum biyu suna riƙe da shi kada ya kife. A motar haya muka dawo gida. Umma ta dubi fuskokinmu, ta juya ta mayar da kwanukan inda ta ɗauko su.

Daga nan komai ya kama gangara. Manaja ya ce an kunyata kamfani, aka mayar da Baba ɗaukar dila, madara da ƙwai suka tsaya. Da aka tashi rage ma'aikata, 'yan wucin gadi aka fara sallama. Ya koma wani kamfanin jima a Calawa, yana tsoma hannu cikin ruwan sinadarin fatu tun safe har yamma, ya dawo da warin da sabulu ba ya fitarwa. Hannun da nake shafa wa mai ya tsattsage, farata suka zube, har ya zamana ba ya dunƙulewa. Ya taɓa leƙa gidan damben gargajiya, amma shekaru sun ja, makaɗa sun sami sababbin jini, ya tsaya a gefe ya yi kallo ya dawo. A makaranta wani ya ƙwace mini awara ya ce in je in kira babana mai gudu. Na yi dambe ranar, aka fasa mini baki. Ban ƙarasa firamare ba, talla ta cinye sauran. Wasu a unguwa sukan ce Taɓarya mutum ne mai gaskiya, irinsa sun ƙare. Ni wannan yabon ƙona mini rai yake, don ba su ne suka ci gaba da bin layin famfo ba. Na ji haushin babana, haushi mai tsanani, kuma ba zan ce ya gama fita ba. Sau ɗaya Umma ta ta da maganar a gabana, tana juya ƙosai a kasko, ta ce, "Malam, da dai ka daure ka ƙarasa." Ya ce, "In ƙarasa da wa? Ai an riga an kashe ni."

Yanzu in na bi ta Sharaɗa a adaidaita sahu ba na son duba hagu. Masaƙar ta daɗe da rufewa, ciyawar cikinta ta fi mutum tsawo, jiniya ta yi shiru, kwatar ma ta koma baƙa ƙirin, launi ɗaya kullum. Waɗanda suka samu na dindindin ɗin su ma daga baya an sallame su, sai dai sun fita da ɗan abin sayen fili, mu kuwa da tabarma muka fita. Filin da aka yi ihun Taɓarya tireloli ne ke fakewa a ciki. Samari a waya suke kallon dambe, in na faɗi sunan sai su yi dariya su ce wane irin suna ne wannan. Umma ta rasu, Sani yana bin babbar mota, Baba yana wurina a Ɗorayi. Ƙafafun sun ƙi, hannun yana rawa, ni nake ba shi koko da cokali. Sallah ma a kan kujera yake yi.

Ran nan da hantsi na fito daga madafi na tarar ya faɗi a tsakar gida kan hanyarsa ta zuwa alwala. Buta ta kife, yana durƙushe kan gwiwa biyu cikin ruwa, yana laluben bango. Yarana suna makaranta, maigidana yana kasuwa. Na ruga na sa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa, na ji ba nauyi ko kaɗan. Na ce, "Baba, ku tashi, ba komai. Ba wanda ya gan ku." Ya ɗago ya dube ni da idanun nan da suka yi yana, ya ce, "Uwata, ai na ji."

Na zaunar da shi a kan kujera, na ɗauko man kaɗanya na shafa masa a gwiwar. A da hannun nake shafa wa, lokacin muna da abin da muke jira.